Shari'ar da labarin Crenshaw ya tsallake

Wani labari da aka rubuta kan Kimberlé Crenshaw, malamar shari'a Ba'amurkiya, ya kawo karatun lauya da ta gama a jami'ar Harvard a 1984, amma ya tsallake shari'ar da ke tsakiyar maƙalarta ta 1989 kan yadda wariyar jinsi da ta launin fata ke haɗuwa. Mata biyar baƙar fata ne suka maka kamfanin motoci na General Motors a kotu. Kamfanin bai ɗauki irinsu aiki ba kafin 1964, don haka da aka zo rage ma'aikata bisa daɗewa, su aka fara sallama. A 1976 kotu ta ce sai a raba ƙarar: wariyar jinsi daban, ta launin fata daban. Ta jinsi ta faɗi, tunda akwai fararen mata a ofisoshin kamfanin. Abin takaici, cutar da ta same su don suna mata kuma baƙaƙe, ba a ma saurare ta ba.