Jikinka Yana Faɗa Maka, Kai Kana Cewa Basir Ne

Jiya na je asibiti duba wani abokina da muka tashi tare. Bai kai shekara 40 ba, an yanke masa yatsun ƙafa biyu. Ƙusa ya taka a shago bai ma ji ba, sai da ya ga jini a silifas. Wata uku yana barbaɗa wa mikin garin magani, har ƙafar ta fara wari. Ashe ciwon suga ne ya daɗe yana cin sa.

Abin da ya ƙona mini rai, 'yan uwana matasa, tun bara alamun suka bayyana. Ya tashi fitsari sau biyar a dare, ya ce sanyi ne. Ya shanye leda huɗu ta ruwa maƙogwaro bai jiƙa ba, ya ce zafin gari ne. Yana cin abinci kamar gara amma wando na zamewa daga ƙugu, ya ce basir ne. Ido ya fara gani dishi-dishi, tafin ƙafa na masa kamar ana tsira allura, nan ma basir! Haba jama'a, komai basir? Har kiyashi ya gani suna bin inda ya yi fitsari, sai ya tari mai mota da lasifika a bakin kasuwa ya sayi jarkar tsimi.

Jiki magayi, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma mu sai a ce je ka gwaji, ka ce ba ka so a ɗaga maka hankali. Ɗigon jini ɗaya ne fa a ɗan yatsa. In da safe kafin ka karya na'urar auna sugan jini ta nuna 126 mg/dL ko sama, a ga likita ya sake aunawa, musamman in akwai ciwon a dangi. Kuɗin da kake ƙonawa a cacar ƙwallo a waya ya isa gwaji sau nawa? Kullum lemon kwalba a hannu, shayi sai an zuba suga cokali huɗu, zuwa bakin layi ma sai an hau babur.

Kakanninmu da ƙafa suke zuwa gona, su sha fura da nono ba suga, su ci tuwon dawa. Kuma in dattijo ya kalli yaro ya ce ka rame, je ka a duba ka, ba musu. Abokin nan nawa, mahaifiyarsa ta faɗa masa tun azumin bara, ya ce da ita kawai tsoro ne irin na tsofaffi. Jiya ita ce zaune a bakin gadonsa tana masa fifita.