Ɗan Amurka a Matan Fada

Ana gobe bikin su, wato gasar kamun kifi a rafin Matan Fada, Ɗan Amurka ya dira Argungu, da hular hana sallah da baƙin tabarau duk da an idar da isha'i, rigarsa cike da tambarin kamfanoni har a hammata, ga wata doguwar jaka a kafaɗa kamar mai zuwa harbin giwa. Bai zarce ko'ina ba sai teburin mai shayi.

Ɗan Amurka: Salamu alaikum jama'a. Mai shayi haɗo min, amma kada ka sa sukari, a can mun daina.

Mai shayi: A nan ma mun daina yallaɓai, amma mu tsada ce ta hana mu.

Bakabe: Ɗana, mi ac cikin wagga jikka? Bindiga ta?

Ɗan Amurka: Fatsa ce Baba. Ita kaɗai dala ɗari huɗu.

Bakano da tun ɗazu yake tsoma burodi bai ce uffan ba, jin an ambaci dala sai ga waya a hannunsa, ya latsa ya latsa ya ɗago kai.

Bakano: Alhaji, a canjin yau na Wapa sandar nan ta fi babur ɗina daraja. Tana kama kifin ta soya shi ne?

Ɗan Amurka: Ai ba za ku gane ba. Ni da kuke gani na shiga gasar kamun wani kifi da ake kira bas a tafkin Gantasbil, jihar Alabama. Da bazara ake yi, lokacin furanni sun buɗe, iska na kaɗawa mai daɗi, kifi ya fito gefe gefe zai yi ƙwai.

Bakabe: Tsaya. Bazara da iska mai daɗi?

Ɗan Amurka: Ƙwarai, har rigar sanyi ake sawa da asuba.

Bakabe: To ƙarya ta hwara. Ci gaba.

Ɗan Amurka: Kowa da jirginsa mai inji, gudu kamar mota, a gaban jirgin akwai talabijin da ke nuna maka inda kifin yake kwance a ƙarƙashin ruwa. Tun asuba har la'asar kana jifa, kuma ba a yarda ka sa tana ba, kifin roba ake ɗaurawa ko tsutsar roba.

Bafillace: Aradu kifin Amurka wawa ne. Ko saniyata da ta makance ba ta cin ciyawar roba.

Ɗan Amurka: Biyar kawai aka yarda ka riƙe, manya manya, ka zuba su a wani ɗan akwati mai ruwa da iska a cikin jirgi don kada su mutu. In ɗaya ya mutu a rage maka nauyi.

Bakabe: A rage maka don kihi ya mutu? To da rai ka cin shi?

Ɗan Amurka: Wa ya ce ana ci? Ana aunawa sai a mayar da su ruwa.

Wurin ya yi tsit. Har mai shayi ya tsaya da kofi a sama, shayin na zuba a ƙasa bai sani ba. Ni kaina da nake ba ku labarin nan sai da na ajiye cokali.

Bakano: Alhaji maimaita. Ka sha mai, da tsadar man nan, ka wuni a rana, ka kamo kifi biyar ƙosassu, sannan ka... a'a, ban ji daidai ba.

Ɗan Amurka: A sake su. Wayewa kenan.

Bakano: To wa ke tsayawa a bayan wurin da ake sakin? Babu mai kwando? Babu ko almajiri? Kai, Allah ka kai ni Alabama ko a buhu ne.

Bakabe: Shi wanga bas da kaka ta kuri, girmanai kama da mi?

Ɗan Amurka: Mafi girma a tarihi, wanda aka kama a jihar Jojiya a 1932, ya ɗan haura kilo 10.

Baba Bakabe ya yi dariya har hularsa ta faɗa cikin kwanon ƙwai.

Bakabe: Kilo 10! Ɗana, irin wanga shi muka ba yara su tai gida a yi musu romo. Nan ga Matan Hwada, 2005, giwan ruwa kilo 75, sai da ƙatti sunka taru kahin a kai shi sikeli. Da anka dawo da su 2020 bayan kusan shekara goma ba a yi ba, kilo 78 yac ci. Mu tun 1934 muke abin ga, tun zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu, lokacin kakanka bai san ana hawa jirgi ba.

Ɗan Amurka: Girma ba shi ne ba Baba, fasaha ce. Wanda ya ci babbar gasar Bassmaster dala dubu ɗari uku yake ɗauka.

Bakano ya sake jawo waya, ya latsa, wayar ta ɗauke. Ya ce ita ma ta kasa.

Mai shayi: To kai yallaɓai na nawa ka zo?

Ɗan Amurka: Kuma a can babu maguɗi. In ka ci, akwai gasar da sai an ɗaura maka na'urar gane ƙarya.

Mai shayi: Dan Allah in za ka koma ka aiko min da ɗaya, ina da littafi guda na masu cewa gobe za su biya. Amma na nawa ka zo?

Bakano: Kada ka yarda a kai ta wurin kamfen, rana ɗaya za ta ƙone. Amma Alhaji, in babu maguɗi me ya kawo na'ura? Ni fa na ga wani bidiyo a Facebook, an farke cikin kifi ana zaro dunƙulen dalma, Turawa na ta ihu.

Ɗan Amurka: Wannan a tafkin Iri ne, 2022, kuma ba gasar bas ba ce, wani kifi ne daban.

Bakano: Dalma a cikin kifi. Wallahi algus ya yi karatu. Mu nan iyakarmu dutse a buhun wake.

Bakabe: Mu ma an taɓa yi muna, 2008, wani ya shigo da mataccen kihi yac ce nan yak kama shi. Masu ruwa sunka duba sunka gane, ba na'ura ba komi.

Mai shayi: Yallaɓai, na nawa ka...

Ɗan Amurka: Nawa ne kuɗinka? Ina da sammako.

Washegari tun da hantsi bakin Matan Fada ya cika, dubban mutane kowa da homa biyu da ƙaton gora, an jeru ana jiran manyan baƙi. Kun dai san manyan baƙi. An ce ƙarfe goma, rana ta take tsaka babu su babu dalilinsu, sai jiniya ta taso a miƙe tsaye, ashe mai ɗauko kujeru ne, a koma a tsuguna. Masu rumfa na shan ruwan roba mai sanyi, masu homa na shan rana. Ɗan Amurka kuwa ya kafa kujerarsa mai naɗewa a gaba gaba, ya buɗe akwati mai hawa uku, kifayen roba kala kala kamar shagon 'yan kunne.

Ɗan Amurka: Baba, wa zan gani a ba ni lambar jirgina?

Bakabe: Ga jirginka nan. Gora. Ka kwanta bisa, ka bi ruwa.

Ɗan Amurka: Ina kuma alƙalin da zai karanta dokoki?

Bakabe: Doka guda ta. In ka ji bindiga, ka sheƙa.

Ɗan Amurka: To dan Allah a gaya wa makaɗan can su dakata. Kifi ba ya son hayaniya. A Alabama ko tari za ka yi sai ka juya baya.

Makaɗan da ke cikin kwalekwale kamar sun ji shi, suka ƙara wuta.

Ɗan Amurka: Malam! Mai ganga! A rage sauti, ana gasa a nan!

Bafillace: Kaɗo, zauna. Ni da ko kifin ba na ci na fi ka sanin wurin nan.

Ɗan Amurka: Bari in duba launin ruwan tukuna. Ruwa mai duhu, tsutsa mai duhu. Ko in sa mai ƙyalli? A'a, iska daga gabas take, to mai ƙyalli sai in rana ta...

Bindiga ta tashi. Wasu ma sun ce tun kafin ta tashi rabin mutane sun kai tsakiyar ruwa, ni dai ƙura na gani. Da ƙurar ta lafa babu kujera, babu akwati, takalminsa ɗaya na can yana tafiya a kan goran wani, shi kuma yana tsaye da zare a baki yana ƙulli, wai ƙullin nan sai an zagaya sau shida.

Bakano: Alhaji an fara fa! Awa ɗaya ce kawai!

Ɗan Amurka: Gaggawa aikin shaiɗan. Matsa baya, zan yi jifa.

Ya yi jifan farko, ya kamo hular Bakano. Ya yi na biyu, ya kamo wandon wani ƙato da ke nutso, ƙaton ya ɗago ya yi masa wata magana da Kabanci wadda ba zan iya rubutawa a nan ba saboda akwai yara. Ya ce wannan duk ɗumama hannu ne. A jifa na tara, Allah da ikonsa, wata 'yar karfasa da ta ruɗe da gudun mutane ta zo ta maƙale a ƙugiyar ta gefen ciki, ko cizon robar ba ta yi ba.

Ɗan Amurka: Na kama! Ɗauke ni hoto! Ta nan, rana na bayana. Bari in miƙo ta gaba don ta yi girma.

Bakano: Alhamdulillahi, ko ba komai an samu na miya. Kawo in riƙe maka.

Ɗan Amurka ya sumbaci karfasa a goshi, ya durƙusa, ya sa ta a ruwa a hankali yana shafa mata baya kamar mai sallamar amarya. Ta yi gaba taku biyu ta faɗa homar wani yaro, yaron ya jefa ta a gora ya ce na gode Alhaji.

Ɗan Amurka: Kai! Fito da ita! Na sake ta, 'yantacciya ce!

Bakano: Ni da na ɗauki hoton ka hana, ka ba wanda ko sannu bai yi maka ba. Haka kuke, ku 'yan waje. Kuɗin makaranta in an tambaye ku sai ku ce abubuwa sun yi wuya a can.

Ana cikin haka zaren ya miƙe, sandar dala ɗari huɗu ta lanƙwashe kamar baka. Wata giwan ruwa ce da aka koro daga tsakiya ta bi ta kan zaren ta naɗe shi a jiki ta yi gaba abinta.

Bafillace: Kaɗo saki sandar!

Ɗan Amurka: Ba a saki! Gajiyar da shi ake yi, a ba shi zare, a ja, a ba shi...

Bakano: Kada ka saki Alhaji, babur guda ce!

Bai saki ba kam, wannan shaidar zan yi masa ko a gaban alƙali. Ya tafi da tabarau da hula da sauran takalmi ɗaya, sai ƙafafu muka gani a sama, sannan kumfa. Baba Bakabe da ke can yana lalube ya ji abu mai nauyi ya shiga homa, ya haɗe bakin homa biyu ya yi kabbara, yaransa huɗu suka taho, makaɗa suka juyo da kwalekwale suna yi masa kirari, aka ciccibo aka nufi sikeli da gudu, babu wanda ya tsaya dubawa saboda laka ta rufe komai. Sai da aka ɗora.

Mai sikeli: Kilo 94!

Wuri ya kaure. Sai kifin ya yi tari, ya tofar da laka, ya ce ina tabarau ɗina.

Bakabe: Subhanallahi. Shekara arba'in ina su, ban taɓa kama mai magana ba.

Bakano: A rubuta! A rubuta kawai, ya fi na 2020 da kilo 16, Baba motar nan taka ce, ni kuma na ɗauki hoto a ba ni la'ada.

Mai sikeli: Malam wannan mutum ne.

Bakano: Cikin ruwa aka kamo shi ko a tudu? Da homa ko da hannu? To ina matsalar?

Mai shayi da ya biyo su da butarsa ya sunkuyo kan sikelin.

Mai shayi: Yallaɓai, tunda yanzu kana kan abin awo, tsakaninka da Allah, a Alabama na nawa ka zo?

Ɗan Amurka: Guda ɗaya na kama. Aka ce bai kai tsawo ba.

Mai shayi: Wato na ƙarshe.

Ɗan Amurka: Akwai wani da jirginsa ya lalace.

Bakabe: To ya isa. Yara, an auna shi, an ɗauki hoto, kuma da ranshi. Ku kama mu cika mishi dokar garinsu.

Ɗan Amurka: Wace doka?

Bakabe: A maida shi ruwa.

Ɗan Amurka: Baba tsaya! Baba wannan dokar Alabama ce, nan jihar Kebbi muke!

Bakabe: Bakano, kai ka sumbace shi ga goshi, mu mu ɗauki ƙahwahu.