Hular Adda da tambayar "ta asali ce?"

Yau sati uku ke nan da faruwar abin, amma in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Na gaya wa maiɗakina, ta ce in bar shi ya wuce. Na kasa. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko 'yan uwana Gombawa za su gaya mini in ni ne na cika ɗaukar abu da zafi.

A nan Holand akwai wata al'ada da suke yi ranar 5 ga Disamba, da sunan wani waliyyin Kirista da suke kira Sinterklaas. Asalinta ta yara ce, amma manya ma suna yi, har a wasu wuraren aiki. Tun cikin Nuwamba ake rubuta sunaye, kowa ya zari ɗaya, wanda ka zaro shi za ka yi wa kyauta, kuma ba ka gaya wa kowa. Har kuɗin da za a kashe ƙayyade shi suke yi, don kada wani ya ji an fi shi. Sannan a haɗa da 'yar waƙa mai amsa-amo da za a karanta a gaban jama'a. Ranar tamu, ƙarfe huɗu da rabi gari ya soma duhu, ana ta wannan yayyafin nasu da ba ya ɗaukewa, kekuna jere a ƙofar ofis duk sun jiƙe sharkaf. A ciki an kashe manyan fitilu an kunna kyandir, an barbaza wasu ƙananan biskit masu ƙamshin kirfa da kanumfari a kan tebur, kowa riƙe da kofin koko mai zafi, an zauna a zagaye yadda suke son zama.

Sunan da na zaro na wani dattijo ne da muke sashe ɗaya. Mutumin kirki ne a zamanmu, shi ya zauna da ni shekarar farko ya nuna mini yadda ake cike takardun haraji. Na san yana tara kayan Afirka, don yakan nuna mana hotunan gumaka da ƙore da ya jera a falonsa. Sai na ce wannan ya fi ƙarfin abin kanti. Na ɗauko ɗaya daga cikin huluna biyu da Adda ta ɗinka mini, wadda ban taɓa sawa ba. Ba sai na yi wa ɗan Gombe bayanin ɗinkin hannu ba. Wata biyu ta yi a kanta, bayan la'asar, a tabarmar tsakar gidanmu a Jekadafari, tana yi tana tsawata wa yara.

Ya buɗe takardar a hankali. Ya juya hular ciki waje, ya kai ta kusa da kyandir, har da sunsuna ta. Ya ce, "Ta asali ce?" Na ce yayata ce ta ɗinka da hannunta. Fuskarsa ta cika da murna. Sai ya ci gaba: ita ta kaɗa audugar? Rinin na baba ne, irin na marina? Zanen na kakanninku ne? Na gaya masa gaskiya. Zaren kanti ne, a Babbar Kasuwa ta saya, ba mamaki daga Sin ya zo. Zanen kuwa a waya ta gani, wata ƙawarta ta turo mata ta WhatsApp, ta ƙara nata a kai. Ina kallonsa annurin ya bar fuskarsa kamar an hure fitila. Ya ce, "To, ta zamani ce ke nan." Ya yi godiya, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma sai ya ajiye ta gefe ya ciro waya, ya nuna mini hoton wata tsohuwar hula da ya saya a gwanjo, ta koɗe, bakinta duk maiƙo, tana cikin akwatin gilashi. Kuɗin da ya faɗa ya fi hayar gidana na wata. Tana da takardar shaida, in ji shi. A takardar an rubuta Arewacin Najeriya, a wurin sunan wanda ya yi kuma an rubuta ba a sani ba.

Nan ne abin ya soke ni. Hular da ba a san mai ita ba tana cikin gilashi, ta Adda da take da suna, take da 'ya'ya shida, take da kanta a ɗan yatsa saboda allura, tana gefen kofin koko. Mu da aka koya mana yaba kyauta tukwici.

Kuma wai a Rotadam aka yi mini wannan, garin da ya kamata ya fi kowane gari sanin cewa kama da wane ba ta wane. A 1937 wani babban masanin zane-zanensu, Abraham Bredius, ya duba wani zane ya tabbatar cewa aikin Vermeer ne, shahararren mai zanen nan na garin Delft da ya mutu tun 1675, wanda zane-zanensa da aka sani ba su kai 40 ba. Aka tara fiye da gilda dubu 500, kuɗin Holand na wancan zamani, aka saya, aka rataye a gidan tarihin Boijmans na garin nan, jama'a suka yi ta tururuwa. Ashe wani ne mai suna Han van Meegeren ya zana. Yakan sayi tsohon ƙyallen zane na ƙarni na 17, ya kankare abin da ke kai, ya gauraya fentinsa da wani sinadarin roba mai tauri da ake kira Bakelite, ya gasa zanen a tanda har ya bushe ƙayau, ya naɗe shi ya tsattsage, ya cusa baƙar tawada cikin tsagun don ta yi kama da daddaɗar ƙura. Bai tonu ba sai 1945, da aka gano ɗaya daga cikin zane-zanen a hannun Hermann Göring, na hannun daman Hitler. Aka kama van Meegeren da laifin sayar wa abokan gaba dukiyar ƙasa, laifin da kan iya kai mutum ga kisa. Don ya tsira da wuyansa ya ce ai ni na zana. Ba su yarda ba sai da ya zauna a gaban masu tsaro ya zana wani sabo. A 1947 aka yanke masa shekara ɗaya, ya mutu kafin ya fara zaman.

Ku duba abu biyu. Zanen bai sauya ba, ko ɗigon fenti bai ragu ba, amma masu kuka a gabansa jiya suka wayi gari suna ganin muninsa. Shi ma mutumin bai sauya ba, maƙaryacin jiya shi ne na yau, amma da labari ya koma cewa Göring ya damfara, sai mai cin amanar ƙasa ya zama gwarzo a bakin jama'a.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin wannan. Paul Rozin a Amurka ya tsoma mataccen kyankyaso da aka kashe wa ƙwayoyin cuta tsaf a cikin lemo, mutane suka ƙi sha, alhali sun san ba abin da zai same su. Ya kuma nuna cewa mutane suna ƙyamar sa rigar sanyin da aka ce wani mugu irin Hitler ya sa, ko da an wanke ta. George Newman da Paul Bloom, lokacin suna jami'ar Yale, suka juya abin: rigar da wani tauraro da ake so ya sa, mutane za su biya kuɗi mai yawa, amma in ka ce an wanke ta tas sai farashin ya faɗi. A 1996 an yi gwanjon kayan iyalan Shugaba Kennedy, tef ɗin awo kawai aka saya dala 48,875. Wato zuciya tana ji kamar wani abu na mutum yana maƙalewa a jikin abin da ya taɓa. Ban musa ba, mu ma haka muke. Wa zai sayar da rawanin mahaifinsa?

Amma ga inda muka rabu da su, kuma a nan ba zan ɓoye inda na karkata ba. Alhaji ya dawo daga Makka ya miƙo maka carbi da darduma. Kowa ya san inda aka ƙera su, wani lokaci ma rubutun yana jiki. Ka taɓa jin wanda ya ce wa Alhaji, "To, wannan ai ba na asali ba ne"? Hannu biyu ake sawa a karɓa, a ce Allah ya maimaita. Abin da aka karɓa shi ne cewa mutumin nan, cikin cunkoso da zafin rana da guzirin da ya kusa ƙarewa, ya tuna da kai. Mu hannun da ya miƙo muke dubawa. Abokin aikina hannu yake nema shi ma, amma sai wanda ya mutu, marar suna, wanda takarda ta tsaya masa.

Sannan a tambayi matanmu wace atamfa ce ta asali, wadda in babu ita a lefe za a yi magana. 'Yar Holan ce. Kamfanin Vlisco ke buga ta a garin Helmond na ƙasar nan, kamfanin da aka kafa tun 1846, kuma asalin sana'ar kwaikwayon rinin kakin zuma ne na mutanen Java a Indonesiya, aka mayar da shi aikin inji. A Gombe ana duba rubutun bakin zani don a tabbatar daga Holand ya zo. A Holand kuma in mace ta ɗaura shi sai su ce ta sa kayan Afirka. To zaren Sin ne kawai zai hana hular Adda zama tamu?

Na san za a ce mu ma muna da namu, kuma gaskiya ne. Kalmar nan "asali" mun cuci mutane da ita. An hana samari nagari aure don kakansu mahauci ne ko wanzami, a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mun sha miƙa kuɗinmu ga mai babbar riga da tabon goshi ya gudu da su. Wani bincike da Alexander Todorov ya yi da abokin aikinsa a jami'ar Princeton a 2006 ya nuna kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya ishi mutum ya kalli fuska ya yanke cewa mai ita amintacce ne ko a'a, kuma wannan rauni bai bar Bahaushe ba. Sai dai mu muna da abin da ke ja mana linzami. Tun muna yara muke jin labarin Sayyidina Umar da mutumin da ya zo yabon wani: maƙwabcinka ne? Kun yi tafiya tare? Kuɗi ya taɓa haɗa ku? Da ya ce a'a, sai aka ce masa ai ba ka san shi ba. Mu da zama muke sanin mutum, da biki da makoki da bashi. A nan kuwa maƙwabcina na shekara shida ban taɓa shiga falonsa ba. Wanda ba ya zama da mutane dole ya dogara da takarda, har a kan hula.

Abin da na kasa haɗiyewa shi ne irin Addar da dattijon nan yake so. Yana son ta zauna a bukka tana kaɗa abawa, ba waya, ba kasuwa, ba ƙawa mai turo zane, don hularsa ta yi daraja a falo. Ranar da ta sami sauƙin rayuwa, ranar ta daina zama ta gaske a wurinsa. Garinmu kansa ba a inda Buba Yero ya kafa shi yake ba, daga Gombe Abba aka koma Nafada a 1913, aka dawo inda muke a 1919, kuma ba wanda ya ce mun daina zama Gombawa.

Ko da yake, in zan faɗi gaskiya, tambayar ta taɓa wani miki ne da ya riga ta. Zuwana gida na ƙarshe, a majalisar ƙofar gidanmu, wani abokin ƙuruciyata ya ce Hausata ta fara wari, wai ina cewa "na gode" a inda ba a cewa. Aka yi dariya, na taya su, amma daren ban yi barci ba. A nan ni baƙo ne da ake tambaya daga ina, a can ɗan Turai ne da ake ƙara wa kuɗin keke napep. Ɗana na fari shekararsa tara, in kakarsa ta yi masa magana a waya sai ya waiwayo ya dube ni. Ranar Juma'a da ƙyar nake sa shi ya ɗora hula, muna fita daga masallaci ya cusa ta aljihu.

Na kira Adda ranar Lahadi. Ban gaya mata komai ba, sai ita ce ta tambaya, "Auta, Baturen naka hular ta zauna masa a kai?" Na ce ta zauna. Ban san ko ya taɓa gwada ta ba. Ta ce alhamdu lillahi, ta ce yanzu sai da tabarau take iya zura zare, shi ma da rana. Na ce ina son ta ɗinka wa yaron nan tasa, zan auna kansa da tef in turo mata lamba.

Ta yi shiru kaɗan, ina jin kiran sallar la'asar ta bayanta. Ta ce, "Ni ba na son lamba. Ka kawo mini shi in dafa kansa." Na ce sai hutun makarantarsu na Yuli. Ta ce to, za ta sayi zaren ta ajiye.