Bali: Tsibirin da ma'aikatan intanet suke tururuwa, da aikin da aka yi kafin ya zauna lafiya

Duk wanda yake bibiyar matasanmu masu neman abinci da kwamfuta, masu zane da masu rubuta manhaja da masu tallata haja ta intanet, zai riƙa jin sunan Bali a bakinsu a matsayin wurin da mutum yake burin zuwa idan Allah Ya buɗa masa. Bali tsibiri ne a ƙasar Indonesiya mai mutane fiye da miliyan 4, kuma garuruwansa irin su Canggu da Ubud sun cika da baƙi daga Turai da Amurka da Ostiraliya da Rasha, waɗanda ofishinsu bai wuce kwamfutar da ke cikin jakarsu ba. Kamfanin da yake biyansu albashi yana wata nahiya, su kuma suna zaune a bakin teku ko a gefen gonar shinkafa suna aikinsu. A shekarar 2024 gwamnatin ƙasar ta fito da biza ta musamman domin irin waɗannan mutane, wadda take ba su damar zama na shekara guda, da sharaɗin mutum ya nuna cewa yana samun aƙalla dala 60,000 a shekara daga kamfanin da yake wajen Indonesiya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, yawancin masu yaɗa hotunan wannan tsibiri ba sa ambaton cewa a cikinsa aka kai harin ta'addanci mafi muni a tarihin Indonesiya, kuma kwanciyar hankalin da baƙon yau yake tararwa aiki ne da wasu mutane suka shafe fiye da shekara ashirin suna yi, wasunsu da rayukansu.

A daren 12 ga Oktoba, 2002, bama-bamai suka tashi a unguwar Kuta, ɗaya a cikin gidan shaƙatawa na Paddy's, ɗaya kuma, wanda ya fi girma, a cikin wata motar ɗaukar kaya da aka ajiye a ƙofar Sari Club. Mutum 202 suka rasu, daga cikinsu 88 'yan Ostiraliya ne, 38 kuma 'yan Indonesiya, waɗanda a cikinsu akwai direbobin tasi da ma'aikatan da suka fito neman abin da za su kai gida. Ƙungiyar Jama'a Islamiyya ce ta shirya harin, kuma bayan shekara uku, ranar 1 ga Oktoba, 2005, aka sake kai wani a Jimbaran da Kuta, inda mutum 20 suka mutu ban da maharan uku. Bayan kowane hari otal-otal sun zama kango, masu sassaƙa da masu ɗinki da masu kwale-kwale suka zauna ba ciniki, domin tsibirin da ya jingina rayuwarsa ga baƙi ba ya bukatar a rusa masa gini kafin ya durƙusa, ya isa kawai a tsorata mai zuwa.

A nan ne nake ganin maganar ma'aikatan intanet ta haɗu da maganar tsaro. Bahaushe ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, kuma ban san wani baƙo da wannan magana ta fi dacewa da shi kamar ma'aikacin intanet ba. Ba shi da gona a wurin, ba shi da shago, ba shi da kabarin kakansa, kuma aikin da yake yi a Canggu yau zai iya yin sa a Lisbon ko Chiang Mai jibi ba tare da ya rasa ko sisi ba. Idan wani abu ya fashe, shi ne farkon wanda zai ɗaure kayansa, a bar ɗan gari da bashin banki na ɗakunan haya da ya gina dominsa. Annobar korona ta nuna wa mutanen Bali irin wannan rana, lokacin da tattalin arzikin tsibirin ya ragu da fiye da kashi 9 cikin 100 a shekarar 2020, mafi tsanani a duk lardunan ƙasar.

To, me Indonesiya ta yi? Abu na farko da ya burge ni shi ne ta ɗauki harin a matsayin laifi wanda 'yan sanda za su bincika a kai kotu. Babban jami'in da ya jagoranci binciken, I Made Mangku Pastika, ɗan asalin Bali ne wanda daga baya ya zama gwamnan tsibirin daga 2008 zuwa 2018. Jami'ansa, tare da taimakon 'yan sandan Ostiraliya, sun bi tarkacen motar nan har suka gano wata lambar jikinta da maharan ba su goge ba, suka bi sawun cinikinta hannu zuwa hannu har ta kai su ga Amrozi a wani ƙauye na Lamongan a gabashin tsibirin Java, ƙasa da wata guda bayan harin. An yi shari'ar a bainar jama'a, 'yan jarida suna ɗauka, waɗanda ake tuhuma suka yi magana da bakinsu, kuma a Nuwamban 2008 aka zartar da hukuncin kisa a kan Amrozi da yayansa Mukhlas da Imam Samudra. Amfanin wannan buɗaɗɗiyar shari'a ya wuce hukunta mutum uku. Kafin ta, mutane da yawa a ƙasar, har da wasu manya, suna cewa babu wata ƙungiyar ta'addanci a Indonesiya, duk makircin Turawa ne. Da talaka ya ji wanda ya haɗa bam yana bayanin yadda ya haɗa shi, wannan musu ya rage ƙarfi ƙwarai.

A 2003 aka kafa runduna ta musamman a cikin 'yan sanda mai suna Densus 88, da tallafin Amurka da Ostiraliya. Ba a wayi gari ta gama da matsalar ba, domin an kai hari otal ɗin Marriott na Jakarta a 2003, da ofishin jakadancin Ostiraliya a 2004, aka sake komawa Marriott da Ritz-Carlton a 2009. Amma sannu a hankali ta riƙa tsinke jijiyoyin ƙungiyar: an kashe Azahari Husin, gwanin haɗa bam, a 2005, aka kashe Noordin Top a 2009, aka kama ɗaruruwan mutane aka gurfanar da su. A 2010 aka kafa hukumar yaƙi da ta'addanci ta ƙasa, BNPT, sannan bayan harin majami'un Surabaya a Mayun 2018, inda iyaye suka kai 'ya'yansu ƙanana ga halaka, aka gyara dokar ta'addanci aka ba hukuma damar kama mutum tun yana matakin shiri.

Ba zan rufe ido ga laifin wannan runduna ba. A Maris na 2016 wani mutum mai suna Siyono ya mutu a hannunta, kuma Muhammadiyya, ɗaya daga manyan ƙungiyoyin Musulmin ƙasar, ita ce ta tsaya wa iyalinsa, likitocinta suka binciki gawar suka bayyana cewa akwai karayar ƙasusuwa a ƙirjinsa. Ina ganin wannan tsayuwa ta Muhammadiyya tana daga cikin abubuwan da suka taimaki yaƙin, domin duk ranar da jami'i ya kashe mutum a ɓoye kuma babu mai iya tambayarsa, ya ba masu ɗaukar sababbin mabiya hujjar da wa'azin shekara goma ba zai ba su ba.

Abu na biyu ya fi wuya a zuciya, shi ne aiki da waɗanda suka tuba. Ali Imron, ƙanin Amrozi, wanda shi ya tuƙo motar bam ɗin zuwa kusa da wurin, ya amsa laifinsa, ya nemi gafara, aka yanke masa ɗaurin rai da rai, kuma daga kurkuku yake ta bayyana wa matasa da jami'ai yadda ake jan mutum cikin wannan hanya. Nasir Abas, wanda ya taɓa zama babban kwamanda a ƙungiyar, ya koma yana taimakon 'yan sanda, yana ziyartar tsofaffin ɗalibansa a gidajen yari. Wani ƙanin nasu Amrozi, Ali Fauzi, ya kafa gidauniya a ƙauyensu domin samar wa waɗanda suka fito daga kurkuku sana'a da abokan zama, saboda ya lura cewa abin da yake mayar da mutum ruwa sau da yawa shi ne ya fito ya tarar babu mai gaisawa da shi sai tsofaffin abokansa. Wannan hanya tana da ɗaci. Lokacin da aka saki Umar Patek a Disamban 2022, mutumin da ya taimaka wajen haɗa sinadaran bam ɗin Kuta, bayan ya yi kusan rabin shekara 20 da aka yanke masa, iyalan waɗanda suka mutu sun ji kamar an sake yi musu rauni, kuma ban ga wanda yake da ikon ce musu sun yi kuskure ba. Mu da muka ga muhawarar da ake yi a kan tubabbun Boko Haram da ake horarwa a Malam Sidi ta Jihar Gombe ƙarƙashin shirin da aka fara a 2016, mun san wannan zafi. Bambancin da nake gani shi ne, waɗannan mutane na Indonesiya sun bi ta kotu tukuna, an karanta laifinsu a fili, an yanke musu hukunci, sannan aka zo maganar sassauci. Yafiyar da ta biyo bayan shari'a ta fi sauƙin haɗiyewa ga wanda aka kashe wa ɗa fiye da wadda ta tsallake ta.

Haka kuma ba a bar fagen hujja ga jami'an tsaro ba. Indonesiya tana daga cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi a duniya, kuma manyan ƙungiyoyinta biyu, Muhammadiyya da aka kafa a 1912 da Nahdatul Ulama da aka kafa a 1926, suna da makarantu da asibitoci da jami'o'i da miliyoyin mabiya. Idan malamin da ya koyar da kai karatu tun kana yaro ya ce maka zubar da jinin baƙon da ya shigo da aminci haramun ne, maganarsa tana shiga inda sanarwar gwamnati ba ta kaiwa. A ƙarshen Yunin 2024 manyan jagororin Jama'a Islamiyya suka fito suka sanar da rusa ƙungiyar da kansu, suka ce za su bi dokar ƙasa kuma za su gyara manhajar makarantunsu. Ko kowa a cikinsu da gaske yake, lokaci ne zai nuna, amma abin lura ne cewa ƙungiyar da ta kashe mutum 202 a dare ɗaya ta ƙare da sanarwa a gaban kyamara.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi kusa da al'adar tsibirin kanta, wanda shi ne ya fi damuna a yanzu. Mafi yawan mutanen Bali mabiya addinin Hindu ne, kuma rayuwarsu tana tafiya ne a kan majalisar unguwa da suke kira banjar, wadda take tsara biki da jana'iza da aikin gayya, da masu gadin gargajiya da ake kira pecalang, da tsarin rabon ruwan noma na subak wanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2012. Bayan harin 2002 an ji tsoron cewa za a far wa Musulmin tsibirin, amma shugabannin unguwanni da na addinai suka riƙe mutanensu, Musulmin Kuta suka shiga cikin masu ɗaukar gawarwaki da masu rauni tun a daren, kuma a watan Nuwamba aka yi gagarumin bikin tsarkake wurin bisa al'adarsu maimakon ɗaukar fansa. An samu takura wa 'yan ci-rani daga Java da Lombok ta hanyar binciken katin zama, wannan gaskiya ne kuma bai dace ba, amma jini bai zuba ba. A Maris na 2023 ranar Nyepi, wato ranar shiru da ake rufe filin jirgin sama da hanyoyi na tsawon awa 24, ta zo daidai da daren farko na tarawihi, aka daidaita cewa Musulmi su taka da ƙafa zuwa masallaci mafi kusa, ba tare da lasifika ba. Al'ummar da take iya zama ta warware irin wannan ita ce take lura da baƙuwar fuska a gidan haya, ita ce kuma take hana a yi amfani da hari ɗaya a haɗa maƙwabta faɗa.

Wannan tsari ne kuɗin baƙi yake lallasawa a hankali. A Canggu gonakin shinkafa suna komawa gidajen haya, manomin da ya ba da hayar gonarsa na shekaru masu yawa ya fita daga subak, kuɗin haya ya kori matasan gari zuwa nesa da unguwar iyayensu, layi guda ya cika da mutanen da ba wanda ya san sunansu kuma ba za su kai wata shida ba. Wasu baƙin suna aiki da bizar yawon buɗe ido, wasu suna keta alfarmar wuraren ibada domin ɗaukar hoto, har hukuma ta kori wasu daga ƙasar, gwamna Wayan Koster kuma ya fitar da takardar dokokin ɗabi'a ga baƙi a 2023. Ba ina cewa ma'aikacin intanet barazana ce ga tsaro ba. Ina cewa al'adar da ta jawo shi ita ce kuma take gadinsa, kuma idan zamansa ya tarwatsa unguwa, ya raunana katangar da ba Densus 88 ce ta gina ta ba kuma ba za ta iya sake gina ta ba.

Tun Fabrairun 2024 ɗan yawon buɗe ido daga waje yana biyan rufiya 150,000 na kuɗin ƙasar idan ya zo Bali, da sunan kare al'ada da muhalli. A ganina wannan kuɗi ya yi kaɗan ga wanda zai zauna shekara guda yana karɓar albashin Turai, kuma ya kamata mai dogon zama ya biya abin da ya fi na mai kwana biyar, a riƙa yi masa rajista a banjar ɗin unguwar da ya sauka, a kuma kai kaso mai tsoka na kuɗin kai tsaye ga manoman subak da suka ƙi sayar da gonakinsu da kuma iyalan 'yan ƙasar da harin Kuta ya bari da marayu.