Ba sai ɗan asalin Legas ba ne zai shiga makarantar gwamnati

Iyaye da yawa a Agege da Idi-Araba suna zaton makarantar gwamnati ta 'yan asalin jiha ce kaɗai. Ba haka ba ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta ga kowane yaro, ɗan Kano ne ko ɗan Sakkwato.

Abin da ake nema shi ne shaidar zama, wato rajistar LASRRA, hukumar rajistar mazauna jihar Legas. Duk mazaunin Legas yana iya yin ta, ko daga ina ya fito. A haɗa da takardar haihuwar yaro ta Hukumar Ƙidaya.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne suna: Muhammadu a wannan takarda, Mamman a waccan. Don Allah a daidaita rubutun suna da ranar haihuwa tun kafin lokacin ɗaukar ɗalibai.