Laifin ba na gora ba ne

Shekarata bakwai ke nan a ƙasar Kolombiya, a yankin tsaunukan da ake noman gahawa, kuma har yau in na aika wa 'yan uwa hoton wani gini na ce da gora aka yi shi, tausayi ne yake fara dawo min. Sai a tambaye ni ko su ma mutanen nan talauci ya dame su haka. Tambayar tana min ciwo, domin ni ma da wannan idon na zo. A sanina na da, gora aba ce da ake tokare dekin da ita ranar zuba kankare, bayan 'yan makonni a zare ta a jibge a gefe, rana ta gasa ta, ruwa ya dake ta, ƙarshenta murhu. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauke ta kayan gini na dindindin ba.

A nan kuwa akwai irin da suke kira guadua. Tsayinta yakan kai mita 20, kaurinta santimita 10 zuwa 12, kuma ba a shiga kurminta a sara yadda aka ga dama, sai da izinin hukumar kula da muhalli. Su ma an daɗe ana yi mata kallon katakon matalauta. Wanda ya samu kuɗi yakan rushe gidan gorar kakansa ya ɗora bulo, don a san ya ci gaba. Abin da ya girgiza wannan tunani girgizar ƙasa ce ta gaske. Ranar 25 ga Janairu, 1999, ƙasa ta motsa a birnin Armeniya na wannan yanki, mutum fiye da 1,000 suka rasu. Da ƙura ta lafa, injiniyoyi suka lura cewa gine-ginen bulo marasa isasshen ƙarfe sun zube a kan masu su, alhali da yawa daga cikin gidajen gora da yaɓe sun tsaya, in ban da waɗanda ƙwari da laima suka riga suka cinye tun kafin ranar. Gora ba ta da nauyi, tana lanƙwasa ta dawo, kuma ko ta faɗi ba ta danne mutum kamar bangon siminti. Zuwa 2010 dokar gine-gine ta ƙasar ta ware babi guda na yadda ake lissafin ginin guadua, har bene mai hawa biyu. Ƙasashen Peru da Ekwado su ma sun fitar da nasu ƙa'idojin.

Akwai kuma wani mai zanen gine-gine ɗan birnin Manizales na nan Kolombiya, Simón Vélez, wanda ya warware matsalar da ta daɗe tana hana gora ɗaukar babban rufi, wato mahaɗa. Ya riƙa ɗura kwaɓaɓɓen siminti a cikin gaɓar da ƙarfe zai ratsa, don kada sandar ta matse ko ta tsage. Da wannan dabara aka gina katafariyar rumfa a baje kolin duniya na birnin Hanoba a Jamus a shekarar 2000. Jamusawa ba su amince da baki ba, sai da aka fara gina kwatankwacinta a Manizales, aka ɗora mata kaya aka auna, sannan suka ba da izini.

Duk wannan na karanta shi, amma gani ya kori ji. Ni a bayan gidan da nake haya na koyi darasina. Na so in kafa 'yar rumfa ta zama da ajiyar kayan aiki, na samo sanduna kore shar masu sheƙi, domin su suka fi burge ido. Na haƙa rami na dasa su a ƙasa, na kama guduma na bi su da ƙusa. Kafin in gama, biyu sun tsage daga sama har rabin tsayinsu. Bayan wata takwas na fara ganin wani farin gari a ƙasan kowace dirka, da ƙananan huji kamar an soka allura. Shekara ba ta cika biyu ba gindin ya yi baƙi ya ruɓe. Da a lokacin na tattara na koma gida, da yau ina cikin masu rantsuwa cewa gora ba ta ƙarko.

Maƙwabcina, wani dattijon kafinta, shi ya zo ya zagaya rumfar, ya ƙwanƙwasa sandunan ɗaya bayan ɗaya, ya nuna min cewa babu kuskuren da ban yi ba. Abin da ya koya min shi nake so ya isa ga duk mai niyyar ginawa da hannunsa.

Gora ciyawa ce, 'yar uwar dawa da rake, ba bishiya ba. Tana fitowa daga ƙasa da kaurin da za ta rayu da shi har abada, ta kai cikakken tsayinta cikin wata shida ko ƙasa da haka. Wannan shi yake yaudarar mutane. Ka ga sanda doguwa mai kauri ka ɗauka ta nuna, alhali jaririya ce, jikinta duk ruwa. Sai ta yi shekara 4 zuwa 6 a tsaye kafin zarenta ya yi tauri. Wadda ta isa sara ba ta da kyan gani: korenta ya dushe, ɓawon da ke rufe gaɓoɓinta ya zube, farare-fararen tabo sun fito mata. Mai sheƙin nan da na zaɓa ita ce wadda ya kamata in bari.

Sannan akwai sitaci a jikinta, shi ƙwari suke bi. Garin da na gani aikin wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai huda ta yana ci daga ciki, gara kuma tana jira daga ƙasa. Manoman nan suna sara da asuba kafin rana ta fito, a kwanakin da wata yake raguwa, su bar sandar a jingine cikin kurmin makonni biyu ko uku da ganyenta. A wasu ƙasashen cikin rafi ake jiƙa ta. Duk wannan yana rage sitacin, amma ba ya raba ta da ƙwari gaba ɗaya. Abin da yake aiki sosai shi ne sinadarin boras haɗe da asid ɗin borik. Za ka ɗauki dogon rodi ka huda duk shingayen da ke cikin sandar daga wannan baki zuwa wancan, ka narka kimanin kilo 5 na haɗin a lita 100 na ruwa, ka nutsar da ita mako guda ko fiye, sannan ka shanya ta a inuwa inda iska ke ratsawa har wata biyu ko uku. A rana kai tsaye tsagewa take yi. Ba tsada ce ke hana mutane wannan aiki ba, gaggawa ce. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji magabata, kuma ko da yake gorar ruwa suke nufi, maganar ta hau kan wannan gorar daram. Wadda ba a yi wa magani ba, in tana taɓa ƙasa, shekara ɗaya zuwa uku ce ranta. Wadda aka yi wa magani aka kuma tsare ta daga ruwa tana wuce shekara 30.

Tsarewa daga ruwa kuwa ita ce rabin aikin. Magina a nan suna cewa gidan gora yana bukatar takalmi mai kyau da malafa mai faɗi. Takalmin shi ne tushen dutse ko kankare da zai ɗaga kowace dirka aƙalla santimita 30 ko 40 daga ƙasa, da rodi a tsakiya da zai shiga cikin gaɓar farko ya riƙe ta. Ba a binne gora, ba a kuma nutsa gindinta cikin kankare, domin nan laima take taruwa. Malafar ita ce rufi mai fitowa sosai ta kowane gefe, yadda ruwan sama ko ya zo da iska ba zai doki jikinta ba. Boras ɗin nan ruwa yana wanke shi, saboda haka sandar da aka bari a fili maganinta ba zai daɗe ba.

Ƙusa kuma haramun ce a wannan aiki. Zaren gora duka a tsaye yake tafiya, babu wanda ya gitta ya ɗaure su, don haka duk abin da ka buga da ƙarfi raba su yake yi. Huji ake yi da injin huda, a zura ƙarfe mai noti, a sa wasa a kowane gefe, a ɗaura a hankali ba tare da an matse ta ba. Yanka kuma kusa da gaɓa ake yi, kamar faɗin yatsu huɗu, domin gaɓar ce ke hana bakin buɗewa. Inda wata sanda za ta zauna a kan wata, ana fere bakinta ya yi lanƙwasa ya rungumi 'yar uwarta, abin da suke kira bakin kifi. Na ɓata sanduna da dama kafin hannuna ya faɗa, kuma shi ne wurin da na fi jin daɗin aikin, ranar da ka ɗora sanda ta zauna cif ba ta motsi tun kafin ka sa noti.

Amma ina da ƙorafi a kan masoya gora ma, musamman masu bidiyo a intanet. Kullum sai ka ji an ce ta fi ƙarfe ƙarfi. Wannan magana rabin gaskiya ce, kuma tana iya kashe mutum. In aka ja zarenta a tsaye, aka kwatanta da rashin nauyinta, lallai tana da ban mamaki. Amma taurinta wajen hana lanƙwasa bai fi kashi ɗaya cikin goma na ƙarfe ba, kuma ta gefe da sauƙi take fashewa. Mafi hatsari shi ne masu cewa a sa ta a madadin rodi cikin kankare. Gora tana shan ruwan kankaren ta kumbura, in ta bushe ta motse ta saki jikinsa, simintin kuma yana cin zarenta a hankali. Kada wani ya zuba dekin a kan iyalinsa da wannan dabara. Wuta ma tana cin ta kamar kowane itace. Shi ya sa gidajen kwana a nan ba a barin gorar tsirara: ana fasa sanda a baje ta kamar tabarma, a kafa a jikin firam, a bi da wayar raga, a yaɓe da siminti ciki da waje. In ka wuce ta gabansa ba za ka bambanta shi da gidan bulo ba.

Abin da ya fi jan hankalina a kwatancen nan shi ne wanda ke iya yin aikin. Ginin siminti yana mayar da mai gida ɗan kallo: ya sayi kaya, ya biya ma'aikata, ya tsaya gefe. Sandar gora mai mita 6 mutum ɗaya yana ɗaukar ta a kafaɗa, kayan aikinta zarto ne da adda da injin huda da igiyar awo. A Pakistan, Yasmeen Lari, mace ta farko da ta zama mai zanen gine-gine a ƙasar, ta koya wa mutanen ƙauyuka, galibi mata, yadda za su kafa ɗakunansu da gora da ƙasa da farar ƙasa bayan ambaliyar 2010 da ta 2022. Mutanen da ruwa ya raba da komai suka tashi da sana'a a hannu. Ga kuma lissafin da duniya ke yi yanzu, cewa masana'antar siminti ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya, alhali kurmin gora in ka sare nunannun sandunansa saiwar tana nan, baɗi ta sake tsiro ba tare da an shuka ba.

Na san za a ce guadua ba ta fitowa ko'ina, kuma gaskiya ne. Irin gora a duniya ya haura 1,000, kowanne da halinsa. Wanda ya fi yawa a busassun yankunan Afirka, daga Senegal har Habasha, siriri ne, amma cikinsa kusan a cike yake, yana jure fari. Wanda ya bazu a wurare masu ruwan sama, mai kauri, sitacinsa ya yi yawa, ƙwari suna matuƙar son sa, don haka shi ya fi kowanne bukatar magani. Ba za ka ɗauki lissafin wani iri ka ɗora wa wani ba. Akwai ƙa'idar duniya ta ginin gora da aka sabunta a 2021, akwai kuma ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta gora da aka kafa a 1997 mai hedkwata a Beijin, wadda ƙasashen Afirka da dama suke ciki. Abin da nake jira shi ne makarantun koyon sana'a da sassan injiniya na jami'o'inmu su ɗauki irin da ke kusa da su, su auna, su rubuta a harshen da kafinta zai karanta. Mutanen nan ba su fi mu gora da komai ba sai wannan.

Kafin nan, mai son gwadawa ya fara da abin da ko ya faɗi ba zai yi kisa ba: rumfa, shinge, akurkin kaji, ɗakin ajiya. Ɗakin kwana ya nemi wanda ya taɓa yi ya tsaya masa. Bene kuwa, ko rufi mai faɗi, aikin injiniya ne, ba na mai koyo ba.

Rumfata ta biyu mun kafa ta ni da dattijon nan cikin kwana huɗu, bayan sandunan sun yi wata uku suna jiran mu a inuwa. Dirka shida ce a kan tushen kankare, rufin ya fito kusan mita guda ta kowane gefe. Bana ta shiga shekara ta biyar, a wurin da ruwan sama ba ya ɗaukewa wata guda cur. Kowace shekara nakan zagaya da sifana in ƙara matse notin da ya saki, in shafa mata mai, in durƙusa in duba gindin kowace dirka ko zan ga farin garin nan. Har yanzu ban gani ba.