Ranar da Bijimai Suka Ja Janwe

Tun da taubashina ya riga ya watsa bidiyon da bijimai ke jan motarmu a guruf ɗin gida, gara in faɗi abin da bakina kafin a ƙara masa gishiri.

Kun dai san motar. Peugeot 504 a-kori-kura, wadda a da fara ce, Baba ya saye ta shekarar canjin kuɗi, 1984, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado ba wanda ya yarda a yi mata kuɗi, ba kuma wanda ya yarda ya ɗauka, sai ta zama ta kowa. Ranar kai kayan amarya ta dangi ce, ranar gyara tawa ce. Bana muka haɗa hannu ni da Yaya muka sayi injin bugun shinkafa, irin mai taya biyu da ake ja gona-gona a nan yankin Kura da Kadawa. To inji ba ya tafiya da ƙafarsa. Yaya ya ce a sayar da tsohuwa a cika kuɗi a ɗauko Hilux, ko 'yar Kwatano ce. Muka shiga Kano wajen dillalai, suka faɗi kuɗi, na tambaya ko har da filin da aka ajiye ta. Da muka dawo Yaya ya kawo wanda zai sayi tamu. Mutumin ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa bodi, bai ce a tayar ba, bai buɗe gaba ba, sai cewa ya yi nauyinta zai kai nawa. Ashe ɗan jari-bola ne. Motar da aka kai uwarmu asibiti a ciki ranar haihuwar autanmu, ita za a ɗora a sikeli. Zuciya ta ɗebe ni, na ce a bar min ita mako uku, in ban mayar da ita janwe ba a canja min suna.

Na yi ta sintiri Ƙofar Ruwa. Tun 2006 aka daina haɗa 504 a Kaduna, saboda haka yawancin kayanta yanzu na gawa ne, a kwance wa wata a ɗaura wa wata. Na samo ganyen sifirin, aka ƙara biyu-biyu a kowane gefe, na canja lagireto, na sa kuloci, na sa tayoyin baya masu ɗan dama. Tsohon bakaniken Baba ya yi aikin duka bai ce uffan ba, sai da ya wanke hannu da fetur sannan ya ce, "Malam, ka ji dai. Sifirin ɗaukar kaya yake yi, ba ya ja, ba ya kuma tsayarwa. Injin nan naku ba shi da birki, a gangara shi zai riƙa tura ka. Ƙugiyar ja kuwa a jikin shasi ake ɗaura ta, shasin nan kuma tsatsa ta ci bayansa. Sai an yanke an yi masa ƙarfe." Na tambayi kuɗi, ya faɗa, na ce zan dawo. Aljihu ya riga ya yi fayau. Na zagaya bayan tasha wajen wani yaro mai walda, ya leƙa sau ɗaya ya ce, "Oga, ai wannan aikin minti ashirin ne." Ya manna ƙugiyar a jikin bamba, ya shafa mata baƙin fenti, tana sheƙi.

Ranar fita na sa farar shadda. Kar wanda ya tambaye ni dalili. Saboda ƙarin sifirin bayan motar ya ɗaga sama, ta yi goho kamar mai neman allura a ƙasa, amma da aka maƙala injin sai bayan ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu kamar faifai. Ɗan Yaya ya hau baya a matsayin karen mota, da weji a hannu. Akwai hanyar bayan gari, babu kowa, shimfiɗaɗɗiya. Ni kuwa na bi ta tsakiyar kasuwa, ranar da take ci, don ina so masu cewa a sayar su gani da idonsu.

Kun san ɗan hawan nan na gadar kanal, wanda yara ke hawa da keke ba su sauka ba. Na shige shi da giya ta biyu. Ta fara nishi, na dawo ta ɗaya. Wani wari ya taso kamar ana babbakar kan rago, na ce sabon kuloci ne yake zama. Na taka totur har ƙasa. Sai na ji ƙaram! Nan take motar ta yi wani irin tsalle ta haye gadar kamar budurwa. Wallahi abin da ya zo min a rai shi ne gyara ya kama. Na ce Allahu Akbar, ashe da ƙarfinki kike ɓoyewa. Mutane suka miƙe tsaye, hannuwa a sama, ana ta "Malam! Malam!" Ni kuma na zuro hannu ta taga ina ɗaga musu, irin ɗagawar ɗan takara, har da juya tafin hannu. Na danna hon sau biyu. Wata tsohuwa mai daddawa ta ɗora hannu a ka, na ce a raina har da Iya an san abin kirki. Madubin gefe tun zamanin Baba babu shi, na ciki kuma carbinsa kawai yake riƙewa. Sai da na kusa masallacin Juma'a sannan na gane dukan da ake yi wa rufin motar ba kiɗan murna ba ne. Yaron ya leƙo ta taga ya ce, "Baffa, injin fa ya sauka."

Na waiga. Can ƙasan gada ga inji ya koma da baya abinsa, bamba na maƙale a hancinsa, lambar mota na lilo a jiki, ya je ya zauna cikin tulin raken wani mai rake ɗan unguwarmu. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi, kuma wannan ne kaɗai abin da ya tafi daidai a ranar.

Cikin ruɗewa na sa ribas. Ba madubi, ga jama'a kowa na ba da umarni, wannan ya ce kwana dama, wancan ya ce miƙe. Na bi maganar kowa. Tayar baya ta zame daga gefen hanya ta faɗa magudanar da ke kai ruwa gonaki, ta nutse cikin taɓo. Na taka, kuloci ya ƙarasa ƙonewa, lagireto ya fara busa kamar butar mai shayi. Na fito zan duba, ƙafata ta bi taya. Farar shadda har gwiwa.

Bari in tsaya a kan mai raken nan, don shi ne ya fi ƙona min rai, ba motar ba. Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san shi ya ari jak ɗin Baba tun ina aji uku a firamare, wai zai ɗaga amalanke, har Baba ya koma ga Allah bai dawo da shi ba. Kullum aka aike ni sai ya ce yana wajen ƙaninsa. Wannan mutumin ne ya zo ya tsaya a kaina, wuƙar fere a hannu, yana yi wa jama'a bayani da murya irin ta mai wa'azi: "Allah ya jiƙan Alhaji. Shekara talatin yana hawa gadar nan da buhu goma sha biyar, ko tari ba ta taɓa yi ba. Mota ai ta san hannu." Aka ce amin. Har ni na ce amin, don ba yadda za a yi a yi wa ubanka addu'a ka yi shiru. Sannan ya juyo ya ƙirga min raken da inji ya taka, har da waɗanda ko ƙura ba ta taɓa ba. Na biya. Ina tsaye a taɓo ina kallo ya fere raken nan da na biya, ya yanka gaɓa-gaɓa, ya sayar wa 'yan kallona. Ciniki biyu a kan rake ɗaya. Da wani ya ce a nemo jak a ɗaga tayar, sai ya duƙar da kai ya ci gaba da fere.

Ƙarti takwas suka tura, ba ta motsa ba. Can sai ga wani yaro da bijimai biyu ya sauke taki zai koma. Bai fi shekara goma sha uku ba, amma ya iya ciniki kamar dillalin Dawanau, don ya ga ba ni da zaɓi. Aka ɗaura igiya a gaba, ya ɗan taɓa su da tsumagiya, suka fizge ta ja ɗaya, ko huci ba su yi ba. To da yake ba kuloci, dole su ƙarasa da ni garejin. Haka muka ratsa kasuwar a karo na biyu, bijimai a gaba, ni a sitiyari, yara na bin mu da waƙa. Wannan karon ban ɗaga wa kowa hannu ba, su suka riƙa ɗago min. Ɗaya bijimin ya tsaya daidai layin masu atamfa ya yi kashinsa a natse, muka jira shi. Daga nan bidiyon taubashina ya fara, shi ya sa ba ku ga lokacin da ta haye gadar ba, kuma wallahi ta haye da kyau.

Tsohon bakanike ya dubi bayan motar, ya dubi shaddata, ya ce wa yaronsa a ba Malam kujera. Bijiman suka koma suka jawo injin har gona, bamba a ɗaure a samansa. Yaya bai ce min komai ba har yau, sai dai duk bayan sallar isha'i ya turo min hoton Hilux, ba rubutu. Hajiya abu ɗaya ta tambaya, ko carbin na nan a madubi. Na ce yana nan.

Yanzu dai yaron ne ke ja mana injin, biya kullum. Yaya ya yi lissafi ya ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, harawa ta fi fetur araha, wai ko shanun za mu saya. Ban ba shi amsa ba. An ce a Panteka ta Kaduna ana samun bayan shasi mai lafiya, ina jiran albashi. Bambar tana zaure, yara sun mayar da ita benci. Jiya na wuce ta wajen mai rake na tambaye shi jak, ya ce yana wajen ƙaninsa.